Taron manoma da makiyaya: a zauna tun dawa ba ta nuna ba

Kusan kowace shekara abu ɗaya muke maimaitawa. Sai an sari wani a gona, ko an cinna wa ruga wuta, sannan a ji shelar taron zaman lafiya a sakatariyar ƙaramar hukuma. A jera kujeru, a kawo lasifika, manya su yi jawabi ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Manomin da aka cinye wa wake bai samu ko tiya ɗaya ba. Makiyayin da aka sare wa saniya ba wanda ya biya shi. Burtalin da aka nome yana nan a nome. Bayan mako uku a koma gidan jiya. Abin yana ci mini rai, domin zaman da ke hana zubar da jini ba shi da tsada, kuma dagaci da arɗo da mutanen gari suna iya shirya shi da kansu, matuƙar an san abin da za a zauna a kai da wanda za a zauna da shi.

Rikicin gona da garke yana da lokutansa. Yana tashi a farkon damina, sa'ad da shuka ta fito shanu kuma suna haurawa arewa, sannan ya fi ƙamari da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. A lokacin gero ya shiga rumbu, amma dawa da maiwa da wake suna tsaye a gona. Ciyawar daji ta fara bushewa, tafkunan arewa sun fara ƙafewa, garkunan da suka yi damina a wajen Ingal da Abalak da Dakwaro sun juyo kudu. Kisan Toda da ya girgiza Nijar, inda aka hallaka mutum sama da 100 a yankin Maraɗi, yawancinsu mata da yaran Fulani, a watan Oktoba na 1991 ya faru, daidai wannan gaɓa. Saboda haka taron kaka tsakanin ƙarshen Agusta da tsakiyar Satumba ya kamata a yi shi, tun zukata suna kwance, ba wanda aka yi wa ɓarna tukuna. Wanda aka kira a Nuwamba ihu ne bayan hari.

Rabin aikin kuma kafin ranar ake gama shi. A ware mako biyu. A samu mutum biyu da kowane ɓangare ya yarda da su, ɗaya daga gari ɗaya daga ruga, su bi mutane su ji ta bakinsu a keɓe: manoman da gonakinsu ke bakin burtali da bakin mashaya, masu lambun fadama, masu dabbobi na cikin gari, da kowace ruga da ke kewaye. Tambaya ɗaya ce: bara me ya faru, a ina, kuma me ya rage ba a biya ba? A rubuta. Daga nan ake gane cewa abin da ake kira rikicin ƙabila sau da yawa wurare huɗu ne ko biyar sanannu: wata kwana da burtali ya tsuke, wani tafki da aka kewaye da albasa, wata gona da ake barin dami a cikinta har Janairu. Tsohon bashin ɓarna da ba a biya ba, a yi ƙoƙarin kashe shi kafin taro. In aka shigo da shi cikin zaure, shi zai cinye yinin gaba ɗaya.

Wajen gayyata ake yawan yin kuskure mafi girma. Ana kiran shugabannin ƙungiyoyi daga birni, na Miyetti Allah da na ƙungiyar manoma, a ɗauka an wakilci kowa. Zuwansu yana da amfani, amma ba su ke riƙe da sanda a bayan shanu ba. Wanda ke tare da garke da ƙarfe biyar na yamma a gefen gonar wake yaro ne ɗan shekara goma sha huɗu, ko ɗan kiwon haya wanda shanun ma ba nasa ba ne, na wani attajiri ne ko ma'aikaci a cikin gari. Wanda ke fara ɗaga adda a ɓangaren manoma kuwa saurayi ne da ya ci bashin taki ya zuba a gonar. In waɗannan ba su ji ba, ba su yarda ba, an yi ba a yi ba ke nan. A nemo masu shanun na cikin gari su zauna a sahun makiyaya, tunda su za su biya in dabbobinsu sun yi ɓarna. A kira shugaban 'yan sintiri, da sarkin noma, da sarkin fawa, da dillalan kasuwar shanu, domin su ne suka san baƙon garke da mai shi kafin kowa ya sani. A kira liman, da fasto in gari na da Kiristoci. Mutum talatin zuwa arba'in sun isa, rabi da rabi. Ya wuce haka ya zama gangami, kowa yana magana don a tafa masa.

Mata sukan fi kowa sanin abin da ke tafe. Masu tallan nono suna shiga gida gida a cikin gari, su ke fara jin an daina gaishe su, su ke fara ganin an daina sayen furarsu. A wurare da yawa ba za su yi magana a gaban maza ba, don haka a yi musu zamansu daban kwana ɗaya ko biyu kafin babban taro, mace biyu su kawo abin da aka tsayar. Samarin kiwo ma haka. Da hantsi sun fita da shanu, sai magariba za su dawo, kuma tarbiyyar gidajensu ba ta yarda yaro ya ja da maganar babba a bainar jama'a ba. A same su a ruga bayan isha, ko da sassafe lokacin tatsa. Minti arba'in a can ya fi awa uku a zauren gari.

Wurin zama ya zama wanda ba na kowa ba: makarantar firamare, ko gindin bishiyar da ake zaman kasuwa ranar da ba ta ci. Kada a yi a caji ofis, kada a yi a gidan ɗan siyasa. A guji ranar kasuwa da ranar Juma'a. In tabarma ce kowa tabarma, in benci ne kowa benci, ban da teburin manya. Sanda da adda da bindigar toka duk a ajiye su wuri ɗaya nesa da zama, a hannun dattawa biyu, kuma dokar ta hau kan 'yan sintiri kamar yadda ta hau kan makiyaya. Da zarar an bar ɓangare ɗaya da makami, ɗayan ya san hukunci aka kira shi ya saurara. A hana ɗaukar bidiyo yayin da ake magana. Guntun bidiyo na daƙiƙa ashirin, an yanke farkonsa da ƙarshensa an saka a WhatsApp, ya isa ya rushe aikin wata guda. A samu tafinta na Fulatanci ko da kowa ya ce yana jin Hausa. Jin Hausar ciniki daban, iya kare kai da ita a gaban mutum arba'in daban. Kuma a lura: dattijo ya ce "to" ba lallai ya amince ba, wani lokaci kawaici ne. Mai jagorantar zama ya maimaita kowace magana da aka tsayar, ya tambayi kowane ɓangare da sunansa ko haka ne.

Game da hukuma, a Najeriya sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke, a shari'ar da jam'iyyar ANPP da wasu jam'iyyu suka yi da Sufeto Janar na 'yan sanda, cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taro. Duk da haka hankali ya ce a rubuta wa DPO da hakimi takardar sanarwa mako guda kafin ranar. Sanarwa ce, kuma tana da fa'ida: gobe in an kai wa DPO ƙarar ɓarna, ya san akwai yarjejeniya, ya mayar da ita wurin kwamitin sasantawa da taron zai kafa maimakon ya tsare yaro ana neman kuɗin beli da ya ninka kuɗin ɓarnar. Kuɗin zama kuwa kada a fara shi. Ranar da aka raba ambulan, taro na gaba masu son ambulan ne za su cika shi. Ruwa, goro, abincin rana, da kuɗin man babur ga waɗanda suka zo daga nesa, shi ke nan, kuma ɓangarorin biyu su haɗa kuɗin.

In an zauna, a rage jawabai. Addu'a, sannan kowane ɓangare ya samu minti ashirin ya faɗi kukansa ba a katse shi. A nan mai jagora zai nuna ko adali ne. Manomi zai kawo kiwon dare, da tura shanu cikin gona da gangan, da yaran da ke zare sanda in an yi musu magana. Makiyayi zai kawo nome burtali, da toshe mashaya, da ƙona kara don kada dabba ta ci, da sare ƙafar saniya, da tara mai nauyi da ake ɗora masa don an san yana da abin sayarwa. Duka gaskiya ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Zaman da aka fito daga cikinsa ɓangare ɗaya kaɗai aka ba laifi, wancan ɓangaren zai sa hannu, amma ba zai riƙe alkawarin ba.

Daga nan sai abubuwan da za a rubuta, kuma na farkonsu ranar sakin gonaki, wato ranar da za a bar dabbobi su shiga gonaki bayan girbi. A Nijar wannan doka ce. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, daga ƙauye har zuwa gunduma, sannan dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, ta kuma ɗora wa hukumar yanki tsayar da ranar rufe gonaki da ranar sakinsu bayan ta ji ta bakin manoma da makiyaya. Ƙauyen da ke Jigawa ko Katsina ko Sakkwato ba sai ya jira doka ba, zai iya tsayar da tasa ranar. Amfaninta a fili yake: kafin ranar, dabbar da ta shiga gona mai ita zai biya, bayan ranar, wanda ya bar daminsa ko harawarsa a fili ba tare da shinge ko mai gadi ba shi ya jawo wa kansa. A tsayar da ita bisa amfanin da ya fi jinkirin nuna a yankin, yawanci dawa da wake, a ƙara kwana goma na kwasa. A kuma yarda tun yanzu cewa in damina ta ja, kwamiti zai iya ɗaga ranar sau ɗaya, da sanarwar mako guda. Gonakin rogo da lambunan rani ba sa cikin saki, a faɗi wannan ƙarara. Batun kara da harawa ma a buɗe shi, domin zamanin da makiyayi ke sauka a gona ya ci kara ya bar taki a ba shi dami ya yi nisa a wurare da yawa. Yanzu harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce ake lodawa a mota. Wanda zai sayar da karansa ya sayar, amma a yi cinikin a gaban shaida.

Na biyu, yadda ake ƙiyasta ɓarna, kuma a nan nake so a daɗe, don daga nan ake zare makami. Dokar farko ita ce mai gona ba ya hukunci da hannunsa: ba duka, ba sara, ba ƙwace waya. In ya kama dabba ya kai ta turken mai unguwa, a ba ta ruwa da abinci, mai ita ya biya kuɗin ciyarwar. A je gonar kafin kwana ɗaya ya cika, tun sawun kofato bai bushe ba, kashin shanu yana ɗanye, karan da aka karya yana da ruwa a jikinsa. Bayan kwana uku ba mai iya bambance ɓarnar jiya da ta makon jiya, ko ta shanu da ta awakin gari. Masu zuwa mutum huɗu, manomi biyu makiyayi biyu, ba dangin masu rigimar ba, da malamin gona in yana kusa. A ƙirga kunyoyin gonar, a ƙirga waɗanda aka taɓa, a duba ko cinye su aka yi ƙurmus ko zangarniya ɗaya cikin biyu. Misali, gona mai kunya 60 da maƙwabta suka shaida takan ba da dami 30: kowace kunya rabin dami ke nan. An cinye kunya 8, ɓarna dami 4 ce. In rabi aka ci a cikinsu, dami 2. A buga da farashin kasuwar da ta ci a makon, ko a biya da hatsi. Wake ana lissafa ƙwaya daban, harawa daban. Ɓarnar dare a ninka ta, domin wuya ne garke ya shiga gona da tsakar dare bisa kuskure. Saniyar da aka sara ko aka ba guba ita ma haka za a yi mata: sarkin fawa da dillali biyu su faɗi kuɗinta, wanda ya yi ya biya. Wa'adin biya mako ɗaya, a hannun kwamiti, a rubuta a littafi. Kuma kada dagaci ko arɗo ko ɗan kwamiti ya ɗauki kaso daga kuɗin ɓarna. Duk inda mai sasantawa ke cin riba daga rigima, rigima ba za ta ƙare ba.

Na uku burtali da mashaya. Wannan ba a gama shi a zaune, sai an taka. A sa rana a bi hanyar da ƙafa tare da dattawan da suka san inda ta bi tun da, a auna faɗinta da taki a duk inda ta tsuke. A Satumba ba a cire shukar da ta kusa nuna, wannan neman fitina ne. A yi alama, mai gonar ya sa hannu cewa baɗi ba zai shuka wurin ba. A dasa aguwa ko cini-da-zugu a iyaka, dabba ba ta cin su, ko a kafa turakun siminti irin waɗanda aka kakkafa a burtalan jihar Maraɗi. Kowane tafki a bar masa mashiga ɗaya aƙalla da garke zai sauka ya juya ba tare da ya taka lambu ba.

Akwai abin da ya fi ƙarfin wannan zama, kuma a faɗe shi tun farko. Kisa, fyaɗe, garkuwa da mutane, da korar shanu da bindiga na hukuma ne da kotu. Sulhun maƙwabta daban, sulhu da 'yan bindiga daban. Gwamnatin Katsina a zamanin Aminu Bello Masari ta yi irin na biyun har sau biyu, na baya a 2019, Zamfara ma ta yi a shekarar, duka suka wargaje. Haɗa su a kwando ɗaya zalunci ne ga makiyayin da shi ma an kore masa shanu, kuma yana sa manomi ya ɗauka duk mai sanda ɗan bindiga ne.

Sai 'yan siyasa. Ba na goyon bayan a kore su, domin rabin abin da ke haddasa rigimar a hannun gwamnati yake. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, an keɓe wurare sama da 400 a faɗin ƙasar, amma mafi yawansu ba a taɓa tabbatar da su a gazet, wato jaridar dokokin gwamnati, ba, shi ya sa aka yanka su gonaki ba wanda ya tanka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da filin noma har hekta 500 da filin kiwo har hekta 5,000, wato ciyaman ba zai ce ba ruwansa ba. Hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya tana nan tun 1989, kuma yaron da ke aji da safe ba shi ne ke bin shanu cikin gonar mutane ba. Don haka a gayyaci kansila da wakilin ciyaman su zo su saurara, su yi magana a ƙarshe, minti biyar, ba hular jam'iyya ba fosta. Taro ya miƙa musu buƙata biyu ko uku a rubuce, kowace da wurinta: turaku a burtali daga kwanar kaza zuwa tafkin kaza, yashe tafkin kafin bazara, malami ɗaya a makarantar ruga. Manomi da makiyayi su kai takardar sakatariya tare, a buga musu hatimin karɓa a kwafinsu. In zaɓe ya matso, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a ɗauko masa takardar nan. Buƙatar da gari da ruga suka sa wa hannu tare tana da wuyar yi wa kunnen uwar shegu, kuma tana toshe ƙofar wanda zai zo ya ce wa ɗayan ɓangaren zai kore masa ɗayan.

Yarjejeniyar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. A rubuta da boko da ajami, a karanta da Hausa da Fulatanci, a sa hannu ko a dangwala. Kwafi ga dagaci, arɗo, hakimi, DPO, alƙalin yankin da sashen gona na ƙaramar hukuma. A ƙasanta sunayen 'yan kwamiti takwas da lambobin wayarsu, huɗu da huɗu, a ciki har da samari biyu. A karanta ta a masallacin Juma'a da coci da kasuwar shanu, a kuma naɗe ta da murya a tura wayoyi, saboda waɗanda ba sa karatu. Baƙin makiyaya da za su gangaro ba su halarci taron ba, kuma galibi su ake zargi. A ɗora wa arɗo da dillalai cewa duk baƙon da ya sauka a sanar da shi ranar saki da hanyar mashaya kafin ya kwana biyu, a kuma san wanda ya tsaya masa.

Takarda kaɗai ba ta riƙe kowa. Sanarwar Kafanchan da al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar na kudancin Kaduna suka sa wa hannu a Maris na 2016 an yi watanni ana aikinta, amma kafin shekarar ta ƙare an sake zubar da jini a yankin. Abin da ke raya yarjejeniya shi ne ɓarnar farko da za a yi bayanta. Kowa yana kallo. In kwamiti ya isa gonar a ranar, ya ƙirga kunyoyi a gaban jama'a, aka biya cikin mako, to ta biyu mai gona da kansa zai kira waya. In wanda ya yi ɓarnar ɗan gidan arɗo ne, ko wanda ya sari saniyar ƙanen dagaci ne, a nan ya fi kamata a gaggauta. Kwamiti ya riƙa zama duk mako biyu har a saki gonaki, ko da ba ƙara, a buɗe littafi a duba wanda bai cika biya ba. Kuma kafin a tashi daga taron Satumba a tsayar da ranar zama na gaba, cikin Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan shuka ya sauka, a sake taka burtalin da takardar a hannu, a tsaya a kan kowace alama da aka yi, mai gonar yana wurin.